Kowa Ya Sani Sai Ni

Timothy! Timothy ɗana, kana ina ne wai?

Ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Abuja, yaya aiki, yaya mura ɗin nan naka? Mu a Barnawa lafiya lau, babanka ma ƙafa ta yi sauƙi. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma kai ne sanadi. Na kira ka har na gaji ba ka ɗaga ba, shi ya sa nake ta danne-danne da yatsa ɗaya.

Ka tafi kafin sujadar sabuwar shekara, to bari ka ji. Fasto ya ce bana ikilisiya gaba ɗaya za mu yi wa Allah alkawari guda, ba gulma. Maganar wani in ba ya wurin, a bar ta. Ya ce wanda ya yarda ya tashi. Ni na fara tashi, har da ɗaga hannu, har aka tafa mini.

To tun ranar nake ganin abu. Ina shiga taron zumunta mata a coci sai a yi shiru ana murmushi. Christy mai ɗinki ta rungume ni a bakin coci ta ce Allah ya sanya alheri. Na ce alherin me? Ta rufe baki da hannu, wai alkawari. Dattijo Stephen ya tambaye ni yaushe za ka zo gida, na ce me ya faru, ya kama duban sama. Har Malam Lawal mai keke da ba ɗan cocinmu ba ya ce mini barka. Na matsa mishi, ya ce matan coci sun hana shi.

Mama Damaris kuwa, wadda ko kaza ta yi ƙwai a Gonin Gora sai ta kawo mini labari, yanzu in ta hango ni sai ta tsallaka titi.

Na je wurin Fasto na ce maganar ɗana ai ba gulma ba ce. Ya ce Timothy yana wurin? Na ce a'a. Ya ce to.

Timothy, ni na haife ka. In aure za ka yi, a bakinka nake so in ji, ba ranar da aka fara raba anko ba. Ba zan hana ba. Kawai kar in zama ta ƙarshe, abin da ke cina ke nan.

Tsaya, ana buga ƙofa. Na leƙa ta taga. Mama Damaris ce da kular abinci, 'yarta Damaris na bayanta kai a ƙasa. Atamfar da ke jikin yarinyar, ba ita ce ka sa na zaɓa maka da Kirsimeti ba, ka ce ta matar oganka ce?

Kai da ni za mu yi magana. Bari in ɗaura ɗankwali.

Mamanka