Wayata tana hannun Nma

Zuwa ga Yaya Ubaidullahi a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan Minna alhamdulillahi. Mahaifiyarmu Nna ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye. 'Yar'uwarmu Zuliha tana nan tana ƙona miya kamar yadda ka bar ta. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka za ka ce ba sabis, takarda kuwa ba ta katsewa.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma kai ne sanadi. Fim ɗin barkwancin nan da ka turo a wayar gida, na Banufen fursuna a lokacin korona, ka haɗa shi da fuskokin dariya har layi guda, Zuliha ta kunna shi muna cin tuwo, ɗan'uwanmu Nma yana zaune. Ka san abin da ke ciki. An ɗaura wa wani ƙato Hausar da ba Banufen da ke yin irinta, yana tari yana wawushe gabzar mutane, wato abincin gidan yari, sauran fursunoni suna ta tsalle suna toshe hanci. Matarsa wai Bagwariya ce, ta zo ziyara da doya a ka. Maman Sara ta Gwada, wadda ita ma Bagwariya ce, tana gidanmu ranar, ta ce masu fim ɗin ko kayan ma ba su san inda ake ɗora shi ba, ita tun tasowarta a kafaɗa matan garinsu ke ɗauka. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli mutum yana tafiya ba, shi ne zai ba duniya labarinsa.

Ka manta ne, ko nisa ne ya sa? Lokacin da aka kwashe Nma tare da masu faɗa a tasha, ya yi zaman jiran shari'a ba laifin komai, annobar nan ta sa aka hana ziyara. Maman Sara ce take saɓo doya a kafaɗa ta raka Nna har ƙofar gidan yari, a koro su, su dawo da abincin ya huce. Abin da ba ka sani ba, ni ma sai ranar na ji, wani tsoho ne ya yi ta tari a ɗakinsu, kowa ya matsa jikin bango. Nma ne ya riƙa ba shi ruwa a baki, a cinyarsa kuma tsohon ya cika. Nma ya faɗi wannan a hankali, ya ce ba wanda ya yi tsalle a ɗakin, don babu ma wurin tsallen. Ya wanke hannu ya shige ɗaki.

Tun ranar bai koma shagon gyaran waya na Gimba a Sabon Gari ba. Duk wayar da aka kawo, fim ɗin yana ciki, yaran layin kuma sun fara yi masa tari in ya wuce. Ka san wahalar da aka sha kafin ya yarda ya fara fita cikin mutane. Gimba ya yi haƙuri, amma ya aiko cewa in wata ya ƙare bai dawo ba, zai ba wani kujerar.

Na san za ka ce Zikrullahi ne yau ke yi wa mutum wa'azin wasa, ni da na sa maka kwaɗo a takalmi ranar ɗaurin aurenka. To, ni wasana a gaban mutum nake yi, ya kama ni ya rama. Bakatsinen mai shayinmu kullum sai ya kira ni bawansa, ni kuma in shanye masa madara, mu rabu muna dariya. Masu fim ɗin nan fa, ina Nma zai same su ya rama? Kai kaɗai ne a cikin masu dariyar zai iya ji daga bakinka.

Don haka ga abin da na yi. Na ce wa Nma wayata ta lalace, ba ta ƙara in an kira, na roƙe shi ya riƙe ta ya saurara. Lafiyarta ƙalau. Kwana da kwanaki tana gefen katifarsa, na hana abokaina kira, shi kuma ya kwance ta ya mayar yana neman ciwon da babu. Kada ka turo kuɗi, kada ka turo saƙon murya. Ka kira wayata, shi zai ɗauka, ka ba shi haƙuri da bakinka, da Nufanci, yadda Nna ta koya mana.

Ka gaishe da Anti da su Abdulwasiu. Nna da Zuliha da Maman Sara suna gaishe ka. Nma bai ba ni saƙo ba, yana can yana jiran waya ta yi ƙara.

Ƙaninka da bai huce ba,
Zikrullahi