Ta Ƙaramin Yatsan Ƙafa Ya Fita

Zuwa ga Malam mai sharhin fina-finai a mujallar ɗalibanmu ta Bloomsbury,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya daidai, ni nas ce a wani asibiti a unguwar Lewisham, nan ƙasar Turawa. Ƙorafi gare ni a kan sharhin da ka yi wa fim ɗin nan na Yahudawa, wanda iska ya shiga jikin wata yarinya.

Na ɗaya. Ka bi sahun jaridun Turawa ka kira shi shirme. Abin da ya fi ba ka dariya shi ne inda malaminsu ya tambayi iskan sunansa, ya hana shi fita ta ido ko ta maƙogwaro, ya tilasta masa bin ƙaramin yatsan ƙafa. Ka ce sai jahilin ƙauye ne zai yarda da wannan.

Malam, a daidai wurin ne tsigar jikina ta tashi. Ina 'yar shekara goma sha uku a Zariya irin wannan lalurar ta same ni. Kawuna ya kwana uku yana yi mini karatu. Shi ma sai da ya tambayi suna, ya hana a fita ta ido don kada in makance. Ta wannan yatsan aka rabu da ni, har yau farcen a tsage yake. Ban taɓa zaton akwai wasu mutane a bayan ƙasa da suka san wannan ƙa'ida ba. Ranar da na kalli fim ɗin a silima, a kujerar kusa da ni wata tsohuwar Bayahudiya ta runtse ido tana motsa leɓe, ni kuma ina jan Ayatul Kursiyyu. Na fito ina jinjina ikon Allah.

Na biyu, kuma shi ne ciwon. Tare muka je da 'yata Safiya, haihuwar nan, shekararta goma sha tara. In na yi mata Hausa, da Turanci take mayarwa, kuma labarin gida bai taɓa damunta ba. A cikin bas muna komawa gida ta ga hawayena ta tambaye ni dalili. Na gaya mata abin da ko mahaifinta bai sani ba. Mako guda tana bina da tambayoyi, har kicin.

Sai mujallarku ta iso gidanmu. Da ƙyar take haɗa baƙi a Hausa, amma ta zauna ta karanta shafinka tas. Tun ranar ta daina yi mini tambaya.

Ba na neman ka yarda da iskoki, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Roƙona, a fitowa ta gaba ka rubuta cewa akwai masu hankalinsu da abin ya faru da su. Ka rubuta da Hausa mai sauƙi, don Safiya ta iya karantawa ba sai ta nemi wani ya fassara mata ba. Ni dai ba za ta tambaye ni ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya raba ka da ganin abin da na gani.

Wassalam.

Taka,
Hajara Ɗanladi, Lewisham