Ki Ɓoye Ƙawar Inna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara muku rufin asiri da zaman lafiya, amin. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Baba yana nan da ƙarfinsa, idon ne dai ya ƙara yin hazo, amma kunnen yana jin ko tarin sauro in dai maganar da ba a so ya ji ce. Goggo har yanzu tana faɗa da kajin maƙwabta, kuma har yanzu kajin ne ke cin nasara. Ni kuwa ina shagon kafinta, Oga ya fara barina in haɗa ƙofa ni kaɗai, ya ce hannuna ya faɗa, bakina ne ya ƙi faɗawa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne da kin ji muryata kike fara dariya, tun ban ce komai ba kina cewa Auta yau kuma wa ka haɗa wa tarko. Ban ga laifinki ba, ni na saya wa kaina. Amma wannan karon babu wasa a ciki. Ki samu wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, don na ba direban motar kaya ne musamman saboda ta riga Yaya Likita isowa wurinki.

Maganar Ƙawar Inna ce, shukar nan ta cikin tsohon baho a gindin famfo, mai ganye kore ta sama, ja-ja ta ƙasa, wadda in an karya ta take fid da farin ruwa kamar madara. Kin fi ni sanin tarihinta, ke kika ba ni labarin cewa Inna ta taho da ita a gwangwani daga bayan gidan mahaifinta, wurin da yanzu masu fasa dutse suka cinye ƙurmus. Ni abin da na sani, na buɗe ido na ga Inna tana alwala a gefenta, tana juye mata ragowar ruwan buta, tana ba ta labarin rashin jina. Ita ta sa mata suna ƙawata. Ranar da muka dawo daga kai Inna makwancinta, kowa ya samu wanda zai rungume, ni gindin bahon nan na zauna. Tun daga lokacin ni ke kula da ita, na yi mata rumfa da guntayen katako saboda rana, na zagaye ta da waya saboda abokan gaban Goggo.

Kin kuma san zamana da Yaya Likita. Tun da ya dawo daga karatu ya kama aiki a gidan binciken tsirrai na sa masa Likitan Ciyawa, kuma ban taɓa barinsa ya huta ba. Na taɓa manna barkono a reshen darbejiya da gam ɗin shago na kai masa a kwali, ya sa tabarau ya duba har ya fara gyara zama kafin ya ji warin gam. Na taɓa kai masa furen roba na hular wata yarinya. Ba ya dariya, kin san shi, sai dai ya ce Allah Ya shirye ka, amma ina ganin gefen bakinsa yana motsi. Duk da haka, matsen katakon da yake danne ganye a ciki har su bushe, ni na ƙera masa su da hannuna, na goge su sumul, ban bar ko tsinke da zai soki yatsansa ba.

To, da damina ta sauka Ƙawa ta yi fure, rannan ya zo gaida Baba, sai shaiɗan ya raya mini in tsinko ƙaramin reshe. Na miƙa masa da hannu biyu har da rusunawa, na ce ranka ya daɗe ga sabon tsiro na gano, a rubuta sunana a littafi. Ina jiran Allah Ya shirye ka, sai na ga mutum ya ƙura wa reshen ido. Ya juya ganyen, ya leƙa cikin furen, ya tambaye ni inda na samo. Na ce a bahon da ya yi shekara da shekaru yana tsallakewa in zai shiga banɗaki. Yaya, mutumin da ke hawa duwatsu neman ciyawa bai taɓa sunkuyawa ya dubi ta gidan ubansa ba.

Daga nan ya dinga zuwa kullum da madubin ƙara girma da ma'auni. Ya auna ganye, ya ƙirga gashin da ke bayansa, ya tsaga fure da allura yana zanawa. Wai ashe tsirrai ma suna da dangi da zuriya kamar mutane, kuma ya gano Ƙawa dangin tumfafiya ce, saboda farin ruwan da kuma yadda cikin furen yake. Na ce to ai ba abin mamaki ba ne, ni da shi ma ciki ɗaya muka fito. Ya gwada ta da duk busassun da ke ajiye a wurin aikinsu, ya aika hotuna ga masana na wasu ƙasashe, kowa ya ce bai santa ba. Ya ce min ba ta da suna. Na ce a makarantar allo Malam ya karantar da mu cewa Allah Ya sanar da Annabi Adamu sunayen abubuwa dukkansu, don haka sai dai in su ne ba su ji ba, kuma ko babu wannan ai Inna ta raɗa mata. A lokacin nishaɗi nake, har ina alfahari a shago cewa shukar gidanmu ta gagari Turawa.

Da ya ce zai ɗebi samfuri, na tambaye shi kamar yaya. Ya ce reshe ɗaya mai fure ya isa. Na ce ya yi mini alkawari ba zai taɓa saiwar ba, don kin san ta ƙasa take da rai, wani abu kamar ƙananan dankali, in rani ya yi ganyen ya bushe daga nan take sake tohowa. Ya dafa kafaɗata a gaban famfo ya ce ya yi alkawari. Yaya Likita fa, wanda Inna ke cewa ko a mafarki ba ya ƙarya.

Ranar Talatar da ta wuce ta sama ya kira ni da safe, ya ce wani abokin aikinsa yana son a auna masa kabad ɗin kicin a sabon gidansa can ƙarshen gari, ya kwatanta mini, ya ce in hanzarta kada aikin ya wuce ni. Na roƙi Oga, na ɗauki tef da fensir, na sha rana ina tambaya layi-layi. Na samu gidan, na samu mutumin, amma ya ce shi ko rufi bai yi ba balle kicin, kuma bai yi maganar kafinta da kowa ba. Wallahi dariya na yi. Na ce yau Likitan Ciyawa ya rama, ashe yana da jini a jika, har ina shirya yadda zan jinjina masa. Ina shiga gida na ga rumfar a jingine da bango, wayar a naɗe tsaf, bahon kuwa an juye ƙasarsa an tankaɗe an mayar. Na sa hannu har gwiwar hannu ina lalube, ko guntun saiwa bai bari ba. Goggo ta ce ya zo da mutum biyu da shebur, ya ce wa Baba mun gama magana da ni, za a kai ta a duba lafiyarta a dawo da ita.

Sai bayan mako guda na samu ganinsa a wurin aikinsa. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firij, kabad ɗin ƙarfe jere har rufi, ko'ina warin maganin ƙwari. Bai ɓoye ba, ya jawo wata jaka ta takarda mai jan baki, ya ce irin wannan ake sa wa samfuri na farko, wanda duk duniya za ta riƙa auna sauran da shi. Ya buɗe. Ga Ƙawar Inna a kwance a kan farar takarda, an baje ta an ɗaɗɗaure da zare, jan ganyen ya koma kalar ƙasa, an tsaga saiwar gida biyu don ta yi saurin bushewa. Sauran kuma suna cikin matse a kan teburi, matsen da na sani har inda na buga kowace ƙusa. Ya ce manyansa ba za su karɓi bayanin sabon tsiro da reshe kawai ba, sai da saiwa, kuma dole a raba wa gidajen ajiya na wasu ƙasashe saboda gobara. Ya ce ya ware saiwa biyu masu rai ya dasa a ɗakin gilashin da suke renon tsirrai, amma sun ruɓe. Na tambaye shi me ya hana ya faɗa mini gaskiya tun farko. Ya dube ni ya ce, “Na san in na tambaye ka ba za ka yarda ba.” Wannan kalmar ce ta hana ni cin abinci, Yaya. Ashe ya san amsata, ya auna ta kamar yadda yake auna ganye, sannan ya tura ni yawo.

Ya yi ta bayani, kuma ban ce duk ƙarya ba ne. Ya ce shuka a baho akuya ɗaya ta ishe ta, amma abin da aka rubuta ya rubutu. Ya ce in ba ta da suna a wurin masana babu wanda zai je neman 'yan'uwanta a daji balle a kare su. Ya nuna mini sunan da ya tsara, sunan Inna ne aka ja masa wutsiya da yaren masana, wai za a riƙa ambatonta har bayan jikokinmu. Ya ce ni ma zai sa sunana a matsayin wanda ya kawo ta. Na ce ya goge, ba na so a rubuta cewa ni na kawo ta mahauta. Idonsa ya kawo ruwa, na gani, amma bai ce in yafe masa ba. Ni dai na san duk tsiyar da na taɓa shuka wa mutum, a ƙarshe tare muke dariya da shi, kuma ban taɓa dafa kafaɗar kowa da sunan alkawari don wasa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Duk alwala sai ya lallaɓa ya juye ragowar ruwan buta a bahon, wai kada ƙasar ta bushe kafin a sallamo ta daga asibiti. Jiya ya tambaye ni yaushe za a dawo da ita. Ni da ƙarya ba ta yi mini wuya, na kasa haɗa ko ɗaya, na ce ana kirana a waje.

Ga dalilin takardar. Har yanzu bayaninsa bai cika ba, don tamu ba ta taɓa yin 'ya'ya ba, kuma manyansa sun ce sai an ga 'ya'yan. Ya tuna, kamar yadda na tuna, cewa da za ki tafi gidanki Inna ta ɓallar miki saiwa ɗaya, kuma kin taɓa cewa taki tana fid da 'ya'ya biyu-biyu kamar ƙahon akuya. Ya ɗauki hutu, ranar Asabar zai taso, zai ce miki zumunci ya kawo shi. Har ya zo ya ce in ƙera masa ƙaramin matse na tafiya, na ce shago babu katako, alhali yana ganinsa jibge a bayana. Yaya, in taki tana raye, ita kaɗai ta rage a duk inda muka sani. Taki ce, Inna ce ta ba ki, kuma shi ma ɗanta ne, ɗan'uwa rabin jiki, ba zan ce ki rufe masa ƙofa ba. In kin ga dama ki tsinka masa ƙaho ɗaya da hannunki, ya gama littafinsa. Amma kada ki nuna masa inda tukunyarta take, ki kai ta gidan wata maƙwabciya da kika yarda da ita tun kafin ya sauka. In ya ce ki je kasuwa shi zai zauna da yara, ko ya ce wance tana nemanki, kada ki ɗaga ƙafa. In ya yi miki alkawari, ki tuna ni ma ya yi mini. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Roƙona na ƙarshe, in saiwar ta yi yawan da za a raba ba tare da an cutar da ita ba, ki ɓallo mini ɗaya ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ba direban nan, zai juyo da kaya cikin mako. Ba don ni kaɗai ba, so nake in samu amsar da zan ba Baba. In kuwa ta riga ta mutu, ki kira Goggo ki faɗa mata, ita za ta san yadda za ta gaya mini.

Ki gaida mini maigidanki da kyau, ki ce masa kujerar da na yi masa alkawari tana nan tafe, mai ƙafa huɗu cif wannan karon. Ki shafa mini kan Mai-kumatu da Sarkin Kuka, ki ce kawunsu yana kewarsu. Ki gaida surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Baba yana sa miki albarka, Goggo tana gaishe ki tana tambayar ko kin manta hanyar gida. Yaya Likita bai ba ni saƙon gaisuwa ba, don bai san na rubuta ba. Tasa zai kawo miki da kansa, ki karɓa a falo.

Wassalam. Ni ne ƙaninki da bai taɓa roƙonki komai da gaske ba sai yau,

Auta.