Aljihun da ke Cikin Farar Riga

Zuwa ga Gwaggo Noeleen,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, zafin Darwin bai takura miki ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan Horsham sai godiya. Baba na fama da askin tumaki, Mama lafiya lau, ƙanena Declan kuwa yana nan da tsokanarsa.

Gwaggo, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoron farar rigar da kika aiko mini nake ji. Kowa cewa yake na yi sa'a, zan shiga rawar 'yan mata ta bana, wadda ake fitowa da fararen riguna, da rigar da kika yi taki rawar a ciki. Ni kuwa da na buɗe kabad na gan ta sai in mayar in rufe. Fari ba ya rufa asiri, cikina kuma ba ya neman izini.

Mama tana ce wa mutane ciwon ciki ne kawai, ba ta son ambaton sunansa, Crohn. Da ma a cikin ya tsaya. Gwiwoyina sun kumbura, bakina duk gyambo, idona ja, gashina na bin matashin kai. Sau biyu Mama tana rage rigar saboda rama, sai kuma magani ya hura mini fuska, Declan ya laƙaba mini farin wata sha kallo. Dariya nake yi don kada a yi masa faɗa.

Kin san mace ce ke neman abokin rawa. Na daɗe ina haddace maganar kafin na iya tunkarar Fergus, ɗan ajinmu, ya kuma yarda. Ranar Alhamis muna tsakiyar gwaji a zauren gari cikina ya murɗa. Na ruga banɗaki, amma ban kai ba. Ta ƙofar baya na fice, na kira Baba. Fergus ya turo saƙo wai ya san takun da yake yi wa ƙafata ne ya kore ni, zai riƙa koyo da tsintsiya. Har yau ban amsa ba. A littattafan da nake karantawa, in yarinya ta yi ciwo sai ta ƙara kyau, saurayi ya ɗauke ta cak. Babu mai zancen wari.

Likitar Melbourne ta ce sai an yanke wani sashe na hanjina an ɗaura mini jakar tara bayan gida a kan cikina kafin ranar rawar. Ta ce wataƙila ba har abada ba, amma takarda take kallo lokacin da ta faɗa.

Jiya na juya rigar zan ninke in maido miki, sai na ga wani aljihu ta ciki, ɗinkin hannu irin na Kaka. Gefen dama, ƙasa da cibiya, daidai inda nas ta yi mini alamar wurin jakar da biro. Na tambayi Baba, ya ce in tambayi yayarsa, wato ke, ya fita wurin karnuka.

A hoton rawarki murmushi kike yi. Amma na tuna ke kaɗai kike rayuwa, ranar Kirsimeti kuma juya abinci kawai kike yi a faranti. Ke ma kina da jaka a lokacin? Wanda kuka yi rawar da shi ya sani? Saboda haka ya tafi? Don Allah kada ki ce mini mahaƙurci mawadaci, na ƙoshi da ita. Gaskiya nake so. In kin ce in sa rigar zan sa, in kin yi shiru na gane.

Mama da Baba da Declan suna gaishe ki. In Yaya Tegan ta leƙo daga garin Katherine ki gaishe ta da jaririnta.

Niyyata in yaga takardar nan. Amma ga Baba can yana tayar da mota zai shiga gari. Zan miƙa masa yanzu, ya ga sunanki a kai, tun kafin kunya ta dawo.

Taki 'yarki,
Bridie