An ƙirga sana'ata da sunan ƙanin mijina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin a ɓoye sunana. Ƙanin mijina ya ɗauke mini sana'a ina raye, kuma mijina yana tsaye aka yi. Don Allah ku ba ni shawara.

A cikin birnin Zariya nake, wajen Limancin Kona. Tun ina goyon ɗan farina nake sayar da abinci daga cikin gida, waina da miyar taushe da safe, tuwon shinkafa da rana. Da 'yar tanda na fara, yau har Kongo da Tudun Jukun ake kai kulolina, akwai ma wani masaukin baƙi da ni ke yi musu karin kumallo. Maƙwabtana mata suna taya ni, da shi suke rufa wa kansu asiri. Shi kuwa Sabi'u, ƙanin mijina Malam, aikinsa kai kuloli a babur, ina sallamarsa. Ko albasa bai taɓa yanka mini ba.

Kwanaki na ji a rediyo gwamnatin jiha za ta zagaya otal-otal da gidajen abinci har da masu shayi, don a san abin da ciyarwa da saukar baƙi ke kawo wa jiha. Na ji daɗi, na ce yau dai za a san da mu. Ranar da ma'aikatan suka zo layinmu ina bakin murhu, na ji sallamar maza. Kun san gidajenmu na birni, baƙo namiji iyakarsa zaure. Malam da Sabi'u suka tare su, na aika musu da waina mai zafi, ina jira a ce in sa hijabi in fito. Shiru. Da Malam ya shigo ya ce ai 'yan tambayoyi ne, sun sallame su.

Sai shekaranjiya Talatu, cikin masu taya ni, ta miƙo mini wayarta tana cewa Yaya zo ki ga ikon Allah. Bidiyon wani taro ne na masu sana'ar abincin da aka ƙirga, a Kaduna, ga Sabi'u cikin babbar rigar Malam, yana bayanin yadda ya kafa gidan abincinsa da guminsa, wai har ya ɗauki matan unguwa aiki don ya taimaka musu. Matan unguwa fa, har da ni ke nan. A ƙasan hotonsa an rubuta mai gidan abinci. Ni sai da 'ya'yana suka girma na shiga yaƙi da jahilci, karatuna a hankali nake yi, amma wannan da idona na karanta, ba wanda ya karanta mini.

Na tare shi da ya zo ɗaukar kuloli. Dariya ya yi, wai haba matar yaya, suna ne kawai, ai ba ƙwace mini ludayi ya yi ba. Na ce masa in suna ba komai ba ne me ya hana shi ba da nawa. Na koma kan Malam, shi ne ya fi ƙona mini rai, ya ce da saninsa aka yi, ba zai fito da iyalinsa gaban baƙin maza ba, kuma Sabi'u na neman aure, gara a ce yana da sana'a. Inna, uwarsu, ta ce in rufa asiri, abin gida ɗaya ne. Wallahi Malam mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni nema ba, shi ya sa abin ya tsaya mini a wuya.

Kuma ba suna ne kawai ba. Manajan masaukin nan ya daina kiran wayata, Sabi'u yake kira. Sannan mako mai zuwa ma'aikatan za su dawo su gani da ido a yi wa wurin rajista, Sabi'u har ya ce mu share tsakar gida, in an tambaya mu ce shi ne oga. In aka yi rajistar nan da sunansa, na zama 'yar aiki a bakin murhuna.

To jama'a, in sun zo in faɗi gaskiya a gabansu, in kunyata mijina da ƙaninsa a unguwa? Ko in yi shiru in zauna lafiya, in mutu ba a san na yi komai ba? Masu ilimin addini ku faɗa mini, fitowata zaure da hijabina laifi ne?

Ni dai jiya da safe ban jira kowa ba. Na sa Talatu ta kama mini murhu da tanda muka kai zaure, na zauna na fara suya. Malam ya dawo daga masallaci ya tsaya yana kallona, na gaishe shi, na ce ya bi ta gefe kada mai ya fallatsar masa a riga.