Kaskonki Ya Yi Tsatsa, Verlie

Zuwa ga Verlie tawa, hasken safiyata, furen tuffar bayan gidana, ruwan sanyin da ya wanke mini maƙogwaro shekara talatin da ɗaya ina haƙar kwal. Matata, uwar Twila, mai faɗan da ya fi mini waƙar coci daɗi.

Ina gaishe ki, kada ki yi wa rubutun nan dariya. Na san za ki ce me ya hana ni faɗa da baki ranar Lahadi da na zo asibiti. To me na iya? Awa biyu na zauna a gefen gadonki ina ba ki labarin tayar mota da ruwan da ya cinye hanyar gidanmu, ke kuwa kina kallona da idon nan naki da ke gane ƙaryata tun kafin in yi ta. Jibi Alhamis da safe za su buɗe ƙirjinki, Verlie. Zuciyar da na yi shekara biyu ina zarya kafin ki ba ni, ita wasu baƙi za su riƙe a hannu! Na kwanta rubda ciki a ƙarƙashin duwatsun Kentucky ina jin rufin rami yana ƙara a kaina, amma ban taɓa sanin tsoro ba sai wannan makon.

Bari in gaya miki abin da ya faru. Jiya da safe na fita na tarar tuffar farkon bazara ta fara zuba, korayen nan masu tsami da kike cewa su kaɗai suka cancanci wuta. Gidan ya yi shiru, ba ya ƙamshin komai. Na ce bari in tsinto shida in soya ko na ji ƙamshinki a ɗakin girki. Na jawo baƙin kaskon ƙarfen kakarki, sai ga takarda a ciki, a ninke, da sunana a kai.

Haba, Verlie! A duk kwarin nan wace mace ce ke rubuta yadda ake soya tuffa? Kakarki ba ta rubuta wa uwarki ba, uwarki ba ta rubuta miki ba. Shekara nawa Twila tana roƙonki awo, kina ce mata, "Tsaya kusa da ni ki buɗe hancinki, 'yar nan, cokali bai san komai ba"? Sai ga shi kin zauna kin rubuta mini da manyan baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Kada in fere ɓawon. In yanka da kaurin ɗan yatsana. Man shanu ya narke tukuna, wuta kaɗan, a rufe. Jan sukari da kirfa da ɗan gishiri sai tuffar ta saki jiki. Har da cewa, "Kada ka yi ta juyawa, Doyle, ba siminti kake kwaɓawa ba." Na yi dariya a nan, wallahi na yi. Sai idona ya sauka kan layin ƙarshe: "Kaskon na Twila ne." Na zauna a ƙasa. Wa kike yaudara? Ni na tuƙa motar ranar da kika ɗauko kaskon nan daga gidan uwarki, kina rungume da shi a cinya, da ƙasar maƙabarta a takalmanmu. Ba a ba da shi mai shi tana da rai, mu duka mun sani.

Yaushe kika rubuta ta? Ina gida? Ina baranda ina gyangyaɗi, ke kina nan kina shirya mini zaman da babu ke a ciki?

Kin tuna ranar sharar kaburbura, da aka shimfiɗa abinci a ƙarƙashin itatuwa bayan addu'a? Kina da shekara goma sha tara, da rigar nan ruwan ƙwai, ƙudan zuma suna bin kwanonki na soyayyiyar tuffa ni ma ina bi. Sau uku na dawo da faranti. A na ukun kika riƙe cokali kika ce, "Kai ɗan gidan Sizemore, a gidanku ba a ɗora tukunya ne?" Mata suka fashe da dariya, kunnuwana suka yi zafi, amma na tsaya da farantina a miƙe, kika zuba. Har yau ina jin ɗanɗanon nan, tsami da zaƙi da kirfa, da ɓawon da ya yi laushi bai rabu da tsokar ba. Tun daga ranar ban ƙara cin abin da ya kai shi ba sai a teburinki.

Kuma kin san a gidan mahaƙin kwal ba a yin sallamar bankwana da safe. Ke taki dabarar daban ce. Kullum sai ki zuba mini rabin tuffar a kan burodi mai zafi, ki rufe rabi a kaskon, ki ce, "Sauran na jiranka, kada ka bar mini shi ya lalace." Ranar da rufin rami ya rufto ya tsare mu awa tara, ni da mutum huɗu, fitilu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba Aljanna nake tunani ba, Allah Ya yafe mini. Rabin nan nake tunani, da faɗan da za ki yi in ya lalace. Ke da kika dawo da ni daga cikin dutse da rabin kasko, yau ke ce za ki miƙa mini takarda ki juya baya?

To, ga abin da na aikata, gara ki ji daga bakina. Na bi takardarki. Sai dai hawaye ya hana ni ganin wuta, na cika ta, na zuba sukarin tun da wuri, ya kama ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gida. Na rikice. Na ga baƙin abu ya manne a kaskon kakarki, sai na tsunduma shi cikin ruwan zafi da sabulu, na sa soson ƙarfe na dirje shi da duk ƙarfina har ya yi fari. Na bar shi a ruwa ya kwana. E, sabulu, Verlie! Abin da kika hana ni tun makon aurenmu. Santsin da mata uku suka tara da kitse shekara ɗari, na kankare shi kafin shayina ya huce. Yau da safe na ciro shi ja jawur da tsatsa. Orpha maƙwabciyarmu ta leƙo da kwanon wake, ta gan shi, ta dafe ƙirji ta ce, "Doyle, ka yi addu'a likitocin nan su riƙe ta wata guda, don ranar da ta dawo kai za a kwantar." Ta ce in ba ta ta gyara. Na hana.

Na hana, domin na juya takardarki gaba da baya, babu inda kika rubuta yadda ake farfaɗo da kaskon da wawa ya kashe. Twila ba ta sani ba. Ni ban sani ba, kuma ba zan tambayi kowa ba. Kin ɗauka kin gama shiri? Ba ki gama ba, masoyiyata! Za ki bar wa 'yarki tsatsa a matsayin gado? Za ki bari a ce a hannunki kaskon kakarki ya mutu? Na san ki, ko don haushi ba za ki yarda ba.

Ina jin tsoro, Verlie. Ina tsoron ƙofar nan mai buɗewa biyu da za su tura ki ciki. Ina tsoron fuskar likita idan ya fito yana cire hula. Ina tsoron tuffa ta yi ta zuba a ciyawa babu mai tsawata mini in tsince. Idan sun sa miki abin barci, ki riƙe fushina da kyau, kada ki sake shi. Ki tuna da sabulun, ki tuna da soson ƙarfen, ki farka ki ci mutuncina a gaban ma'aikatan jinya, zan tsaya da hulata a hannu in sha duka.

Twila za ta kawo miki wannan gobe. Ranar Alhamis ina kan bencin bakin ƙofar, ba zan yi miki sallama ba. Takardarki na sa ta a murhu. Kaskon yana kan tebur yadda na ɓata shi, na rufe shi da murfinsa, yana jiranki, kada ki bar mini shi ya lalace.

Naki tun faranti na uku, naki har a haƙa mini ramin da ba a fitowa,

Doyle