Tsaga a Wuyan Murhu

Litinin, 14 ga Oktoba

Na buɗe matoya da safe. Murhu shida na sa, huɗu sun fito da tsaga. Duk a wuri ɗaya, daidai inda wuya ya hau kan ciki. Shekara arba'in da ɗaya ina gina murhun tsakar gida a garinmu Tonalá, ban taɓa ganin huɗu sun lalace a toyi ɗaya ba.

Yumɓun ne. Zan yi wa mai kawo shi magana.

Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar matata Genoveva. Littafin nan nata ne, wanda ta tanada don rubuta waƙoƙin coci, shafi uku kawai ta ci. Ban san me ya sa nake rubutu a ciki ba. Gidan ne ya yi shiru da yawa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Na kai biyun da suka tsira. Nicanor ya zo ya zauna a inuwata kamar kullum, yana cin gyaɗata. Shi ya riƙe 'yata Otilia ranar baftisma, tun lokacin muke kiran juna compadre, tun lokacin kuma yake ganin yana da ikon sa baki a gidana.

Ya ce, "Compadre, ka ga 'yarka kuwa?"

Na ce ta san hanyar gida.

"Kai ma ka san hanyar nata. Ko ƙafafun ma sun tsage?"



Juma'a, 18 ga Oktoba

Bari in rubuta abin da ya faru, tunda kowa yana faɗin nasa. Ranar addu'ar kwana tara da rasuwarta, wata maƙwabciya ta ce min Genoveva ta sha aiki a wajen ginin nan. Na ce ai haka ne, tana ɗan taya ni shafe-shafe idan na gama. Shi ke nan abin da na ce. Otilia tana rabon kofi, sai ta dire butar a tebur, ta dube ni, ta ce, "Shafe-shafe, Baba?" Ta ɗauki jakarta ta fita, mijinta ya bi ta. Ba ta sake takowa ba.

Me na faɗa da ba daidai ba? Ni nake cuɗa yumɓu. Ni nake tayar da ciki, in yanka baki, in gina wuya, in ɗora. Ita sai in na tafi cin abinci take zuwa da ɗan kwanonta na ruwa ta gyara gefe-gefe.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na canza yumɓu. Na ƙara yashi mai laushi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Señora Amparo, mai gidan abinci a bakin hanyar Chapala, ta zo da motar ɗanta. Tun muna matasa take sayen murhu a wurina, baƙinta suna jin ɗumi a tsakar gida. Ta buɗe bayan motar. Murhun da na sayar mata watan jiya ne, wuya daban, ciki daban.

Na tambaye ta ko ta zuba yashi a ƙasansa kafin ta kunna. Ta zuba. Ko ta fara da ƙaramar wuta, ta ƙirare, sau biyar kafin ta sa manyan itace. Ta yi. Ko wani ya kashe wutar da ruwa, ko an bar shi ruwan sama ya jiƙa shi, ko an ɗaga shi ta wuya.

"Casimiro," ta ce, "ni za ka koya wa riƙon murhu? Guda tara nake da su, duka naka. Wannan wuta na cikin ci a cikinsa wuyan ya kife. Wata mata mai ciki ce zaune kusa, ya faɗi a gefen ƙafarta, garwashi ya ƙone mata zane. Da taku ɗaya ta matsa, da yanzu wata maganar muke yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Gara a ce ta ɗaga. Da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce in huta tukuna, mutuwa tana taɓa hannu.

Hannuna lafiyarsa ƙalau.

Litinin, 28 ga Oktoba

Mata mai ciki. Na kasa cin abinci.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ranar tunawa da matattu. Na jera mata hoto da furanni da burodi, da kunun masara mai kirfa da take so. Kunun ya yi gudaji. Na je maƙabarta da hantsi, na tarar an riga an share kabarin, an sa kyandir. Otilia ta yi sammako don kada mu haɗu.

Da yamma na kunna tsohon murhunmu na tsakar gida, wanda muka gina shekarar aurenmu. Ya yi baƙi, gefen bakinsa ya ɗan ɓantare, amma wuyansa na nan daram. Kakana yakan ce mutanen da can da irinsa suke gasa burodi, su kuma ji ɗumi, a juya bakin ya ba iska baya, wuyan ya ja hayaƙi sama, itace uku su ishi iyali. Genoveva takan ce kakana bai taɓa gasa ko da burodi ɗaya ba, surutu ne kawai. Takan ja kujerarta har gwiwarta ta kusa taɓa bakin, in ce, "Tsohuwa, za ki ƙone," ta ce, "Tsoho, ka kula da naka."

Na ajiye kujerar a wurinta. Daga baya na ji kunya na mayar da ita ɗaki.

Talata, 5 ga Nuwamba

Toyi na biyu da sabon yumɓu. Biyar na sa. Uku sun tsage.

Ba yumɓun ba ne.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ban je kasuwa ba. Me zan kai? Ko waɗanda suka fito lafiya ban yarda da su ba yanzu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Nicanor ya turo baro har tsakar gida, cike da fasassun yumɓu. Murhun da na ba shi shekara ashirin da suka wuce ne, surukinsa ya yi baya da mota ya murƙushe shi.

Na ce, "In sabo kake so, ka zo a mummunan lokaci."

Ya ce, "Ba sabo nake so ba, ido nake so ka buɗe, in kana da shi." Ya zaro wani babban ɓari ya miƙo min.

Cikin ya farfashe, saman wuyan ya karye, amma mahaɗar ba ta ko motsa ba. Na juya ta. Daga ciki, inda ido ba ya kaiwa, akwai zoben yumɓu mai kauri kamar yatsa biyu, an danne shi kewaye, ya kama wuya ya kama ciki. Sawun yatsu duk jikinsa, ƙanana, a jere. Ba nawa ba ne.

Na ɗauko ɗaya daga cikin nawa da suka tsage na fasa shi da guduma. Ba komai a ciki. Wuya ne kawai zaune a kan ciki, an shafe waje ya yi kyau.

Nicanor ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Compadre, wallahi na ɗauka ka sani."

Na ce ya tafi gida.

Bayan tafiyarsa na ɗauki fitila na leƙa cikin tsohon murhunmu. Zoben yana nan, ƙarƙashin baƙin hayaƙi. Tun na farko. Lokacin Genoveva tana da shekara goma sha tara.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Shekara arba'in da ɗaya ina tafiya cin abinci.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na gwada. Na durƙusa na zura hannu ta bakin murhu. Hannun ya shiga har gwiwa, daga nan sai ya lanƙwasa sama, kafaɗata kuwa ba ta wuce bakin. Na matsa da ƙarfi, na ɓare gefen. Na gwada ta sama, wuyan ya yi tsawo, ya matse. Na ɗaura tsumma a sanda, yumɓun ya zame ya faɗi ciki.

Murhu biyu na ɓata yau. Na zauna a ƙasa cikin laka. Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na shiga mota na je wurin Otilia. Ita da mijinta Fidencio suna sayar da dafaffen ƙullin masara a ganye kusa da tasha. Na tsaya a layi kamar kowa, don ban san yadda zan fara ba. Da layi ya zo kaina ba ta ɗago ba.

"Na kaza ko na barkono?"

Na ajiye ɓarin mahaɗar a kan teburinta.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta goge hannu a zanenta kafin ta taɓa, ta sa yatsunta a cikin sawun. Fidencio ya ce, "Suruki, ga kujera," ya karɓi layin.

Na ce, "Me ya sa ba ta taɓa faɗa min ba?"

"Ta faɗa, Baba. Ina ƙarama na ji ta. Ka ce kakanka bai yi haka ba, kuma kada ta ɓata maka aiki. Sai ta koma jira ka fita."

Ban tuna ba. Na rantse ban tuna ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan, ranar da ta tsaya mata a zuciya ni ko alamarta babu a kaina.

Na ce suna tsagewa. Na ba ta labarin mai cikin. Na ce hannuna ba ya shiga.

Ta ce, "To ka zo ne don kana neman hannu."

 Ta ƙunsa min guda biyu a takarda, na barkono, ta koma kan tukunyarta. A mota na riƙe su har suka huce.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gaskiya ta faɗa. Ban ce komai a kan uwarta ba. Murhu kawai na yi ta faɗa.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ina cuɗa yumɓu na ji ƙarar ƙyaure. Otilia ce, da tsohuwar riga, gashi a ɗaure. Ba gaisuwa mai tsawo. Ta ce, "Ba don kai ba ne. Ba na so wuyan murhu ya faɗa kan wani."

Na riga na tayar da ciki huɗu. Ta taɓa wuyan da na gina ta ce ya riga cikin murhun bushewa, Mama takan lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu tun safe don su yi daidai. Ni ina ganin buhun, na ɗauka ƙura take karewa. Ta karce gefen biyu da totuwar masara, ta shafa ruwan yumɓu, ta ce in ɗora. Na ɗora.

"Riƙe. Kada ka danna, riƙewa kawai."

Ta kwanta a ƙasa ta gefe ɗaya, kunci a kan siminti, ta zura hannu har kafaɗa, ta murɗe jiki. Ina riƙe da wuyan ina jin yatsunta ta cikin yumɓu suna zagayawa a hankali. Fuskarta ta yi ja. Da ta gama na huɗu ta kasa ɗaga hannun, sai da ta tallafe shi da ɗayan.

Na ce, "Haka take kwanciya?"

"Haka. Murhu shida, takwas, kowane mako. Shekara goma na ƙarshe kafaɗarta ba ta barinta barci. Ni nake zuwa in taje mata kai ranar Lahadi, ba ka taɓa tambayar dalili ba?"

Na ɗauka hira suke so su yi, uwa da 'ya.

Na ce, "Otilia, na cuci uwarki."

Ban shirya faɗa ba. Ta juya baya tana wanke hannu a bokiti, ta daɗe tana wankewa. Can ta ce, "Tana sonka, Baba. Abin da ke ba ni haushi ke nan." Sai ta yi kuka, ni ma. Ba mu taɓa juna ba, hannunmu duk laka.

Litinin, 9 ga Disamba

Sun bushe a inuwa mako biyu. Jiya na toya.

Huɗu na sa, huɗu suka fito. Na ƙwanƙwasa kowanne da yatsa, suna amsawa kamar ƙararrawa. Na so in juya in kira wani ya zo ya ji.

Laraba, 11 ga Disamba

Otilia ta aiko Fidencio ya ce min ranar Litinin kawai za ta iya zuwa, sauran ranakun tana tasha. Na ce yadda ta gani. Murhu huɗu a mako ya ishe ni, ba ni da ƙarfin da.

Yau ban taɓa yumɓu ba. Na kwashe bulon da ke bayan matoya na jera su a rumfa, na ɗora katako mai kauri a kai. Na auna da kujera, na sauke layi ɗaya, na sake aunawa. Idan aka ɗora murhu a kai, bakinsa yana daidai kafaɗar mai zama. Ba sai an kwanta a ƙasa ba.

Awa biyu ya ɗauke ni. Awa biyu kawai.

Nicanor ya leƙo ya ce, "Wannan kuma na mene ne, compadre?"

Na ce bulon ne suka tare min hanya.